Shafi, Zaure, Bidiyo Ko Sabuwar Manhaja: Wanne Ya Kamata Ɗalibai Su Ɗauka?

Idan aka ba ɗaliban kwas ɗin zayyana aikin zango a kan yadda makaranta za ta ci moriyar kafofin sada zumunta, ko gida nawa aka kasa su, shawarwarin da suke dawowa da su ba su cika wuce huɗu ba. Wasu su ce za su buɗe wa makarantar shafi a Facebook ko Instagram. Wasu su ce zauren WhatsApp ko Telegram za su tsara wa aji guda. Wasu hankalinsu ya tafi ga gajerun bidiyoyin darasi. Sai masu dogon buri, waɗanda ba abin da zai gamsar da su sai sun gina wa makarantar manhajarta ta kanta. Na sha zama a teburin duba irin waɗannan ayyuka, kuma na lura yawancin ɗalibai da ido suke zaɓe: wanne zai fi ɗaukar hankali a allo ranar kare aiki. Ni kuwa tambayar da nake ajiye musu daban ce. Ranar da kuka karɓi makinku kuka watse, wa zai ci gaba da riƙe wannan abu, kuma a wane lokacin nasa?

Kafin a kai ga kwatance, akwai ƙofar da kowane aiki sai ya bi ta cikinta, wato shekaru. Facebook da Instagram da TikTok, har da WhatsApp a mafi yawan ƙasashe, sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe asusu. Lambar ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta hana kamfanoni tattara bayanan yaran da ba su kai 13 ba sai da yardar iyayensu, su kuwa kamfanonin suka ga ya fi musu sauƙi su ce yaran kada ma su shigo. A Tarayyar Turai, dokar kare bayanai da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta sa 16, amma ta bar wa kowace ƙasa damar sauko da ita har zuwa 13. Ostireliya ta wuce nan. A ƙarshen 2024 majalisarta ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da 16 mallakar asusu a manyan kafofin, ta kuma fara aiki ranar 10 ga Disamban 2025, kodayake ba ta haɗa da manhajojin aika saƙo irin su WhatsApp ba. Saboda haka idan makarantar firamare kuke yi wa aiki, iyaye da malamai ne masu amfani da abin da za ku tsara. Na ga rukunin da suka kwashe wata guda suna ƙawata wa 'yan aji huɗu shafi mai launuka, tambaya ɗaya ta kwance musu komai: "Da asusun wa yaran za su shiga?"

Mu fara da shafin fili, tunda shi ya fi farin jini. Amfaninsa a bayyane yake. Makaranta na samun fuska a idon jama'a: sakamakon gasa, zanen da yara suka yi, sanarwar ɗaukar sababbin ɗalibai. Tsofaffin ɗalibai kan ci karo da makarantarsu su tuna da ita, wani lokaci har su kawo gudunmawa. Shi ma ɗalibin zayyana yana da abin nunawa: tambari, launuka, salon rubutu, jadawalin abin da za a riƙa wallafawa kowane mako. Aiki ne da za a gama cikin zango ba tare da sanin ilimin gina manhaja ba.

Matsalar tana farawa ne idan aka ɗora wa shafin kayan da ba nasa ba, wato isar da sanarwa. Allon sanarwa na bakin ofishin shugaban makaranta, duk wanda ya wuce zai gan shi. A Facebook kuwa na'urar kamfanin ce ke zaɓar abin da za ta nuna wa kowa, kuma tun a Janairun 2018 shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya sanar cewa za a fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan na shafukan kamfanoni da hukumomi. Sai ka ga hoton 'yan ƙwallon makaranta ɗauke da kofi ya zaga ko'ina saboda ana ta danna masa so, sanarwar cewa an ɗaga jarrabawa daga Litinin zuwa Laraba kuwa ta kwanta ba wanda ya gani, ko ta bayyana wa uban yaro ranar Alhamis.

Sai maganar hotunan yara, wadda ɗalibai kan tsallake da layi ɗaya a rahotonsu. Hoton yarinya sanye da kayan makaranta, ga cikakken sunanta a ƙasa, ga wata sanarwa a gefe mai cewa ana tashi ƙarfe 2, ai an gaya wa duk wani baƙo inda zai same ta da kuma lokacin. Ayyukan shafi da suka burge ni su ne waɗanda suka ɗauki wannan a matsayin zuciyar aikin: suka tsara takardar neman yardar iyaye da harshen da kowa zai fahimta, suka yanke cewa hannu da aikin hannu za a riƙa ɗauka maimakon fuska, suka kuma rubuta yadda uwa za ta sa a cire hoton ɗanta idan ta sauya ra'ayi. Akwai kuma wurin tsokaci. Wani uba ya fusata, ya rubuta sunan malami da zargi a ƙasan hoton bikin yaye ɗalibai, ƙarfe 10 na daren Asabar. A goge ne, ko a amsa, ko a bari sai Litinin? Wa ke da hurumin yankewa? Shafin da ba shi da amsar wannan a rubuce, kwalliya ce kawai. Kuma don Allah kada a buɗe shi da lambar wayar ɗaya daga cikinku. Na san makarantar da shafinta ya zama kango saboda wanda ya buɗe ya gama karatu, ya sauya layi, mabuɗin ya tafi da shi.

Zaure kuwa, shi ne aikin da ɗalibai suka fi rainawa. "Malam, ai wannan ba zayyana ba ce, kowa ya iya buɗe zaure," in ji wata ɗaliba da na ba su shawarar su duba shi. Gaskiyarta, minti biyu ya isa a buɗe. Shi ya sa ma kusan kowace makaranta tana da shi, kuma kusan kowace tana kuka da shi. Inda ake kuka kuwa, nan aikin mai zayyana yake.

Rukunin nata suka je suka zauna da wata malamar aji. Ta miƙa musu wayarta ba ta ce komai ba. Sanarwar da ta tura da safe a kan littafin da za a zo da shi ta nutse a ƙarƙashin gaisuwa, da "an gode Malama" na mutum talatin da wani abu, da bidiyon da wani ya turo wanda bai shafi makaranta ba, da gardamar iyaye biyu a kan wanda ɗansa ya fara dukan wani. Can ƙasa, ƙarfe 11 saura na dare, wani uba na tambayar wane littafi aka ce a zo da shi. Da suka tambaye ta abin da take so su yi mata, cewa ta yi: "'Ya'yana, ku dai sama mini hanyar da zan yi barci."

Abin da suka tsara a ƙarshe ba shi da tambari ko launi. Sun raba zauren gida biyu: ɗaya na sanarwa, inda masu kula da zaure kaɗai ke iya turawa, ɗaya na tambayoyi, da ake buɗewa daga ƙarfe 4 zuwa 6 na yamma a rufe. Kowace sanarwa ta fara da rana da aji da abin da ake so a yi, cikin layi uku, sannan a bi ta da saƙon murya da bai wuce daƙiƙa 30 ba saboda iyayen da karatu ke yi wa wuya. Maimakon kowa ya rubuta godiya, a danna alama a kan saƙon, ta haka malama ta san wanda ya gani. Maganar yaro guda, ta ladabi ce ko ta maki, ba a yin ta a zaure sam. Duk waɗannan kayan aiki suna nan a cikin WhatsApp tun da daɗewa. Abin da babu shi ne wanda zai zauna ya jera su daidai da rayuwar malama da ta iyaye.

Zauren yana da nasa ƙayoyin, kuma dole rahoto ya faɗe su. A zauren WhatsApp na yau da kullum kowa na ganin lambar kowa. Idan iyaye ne, wasu ba sa so. Idan ɗaliban sakandare ne da malamansu, abin ya fi haka nauyi, domin an buɗe ƙofar saƙon sirri tsakanin babba da yaro, wanda makarantu da dama suka haramta a ƙa'idojinsu. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a kulle suke daga waya zuwa waya, ko kamfanin ba ya karantawa. Wannan kariya ce, amma kuma yana nufin makaranta ba ta da wani kundi nata da za ta koma gare shi idan rigima ta tashi, sai abin da ke wayoyin mutane. Maganin da aka fi yi shi ne kada zaure ya kasance da babba ɗaya: a sa malamai biyu, ko malami da wakilin iyaye. Idan sanarwa zalla ake so, tashoshin da WhatsApp ya fito da su a 2023 suna ɓoye lambobin masu bibiya, sai dai hanya ce mai tafiya ɗaya, ba a mayar da magana.

Telegram ya fi wadatar kayan aiki. Ana iya ɓoye lamba, zaure na ɗaukar mutum har 200,000 alhali na WhatsApp ya tsaya a 1,024, ana kuma iya shirya tambayoyin gwaji masu nuna amsa nan take. Amma zaurukansa ba su da wancan kulle na waya zuwa waya, sannan wace makaranta ce ke buƙatar mutum 200,000? Abin da zai raba gardama shi ne a ƙirga iyaye nawa ke da manhajar a wayarsu yau. Duk tsarin da zai fara da "kowa ya je ya sauke", ya riga ya zubar da wasu a hanya, kuma galibi waɗanda suka fi buƙatar saƙon ne.

Wani gargaɗi ga masu mafarkin zaure zai zama fagen muhawarar ilimi. A 2006 Jakob Nielsen, masani kan yadda mutane ke mu'amala da shafukan intanet, ya bayyana abin da ya daɗe yana gani a tarukan intanet: kusan kashi 90 cikin 100 karatu kawai suke yi, 9 na tofa baki jefi-jefi, 1 ne ke yin yawancin maganar. Aji ƙarami da kowa ya san kowa ba lallai ya bi wannan lissafi sak ba, amma duk malami ya san yaran nan uku da ke amsa komai. Idan aikinku ya yi alkawarin "kowa zai shiga tattaunawa", sai ku nuna dabarar da za ta sa mai kunya ya yi magana.

Bidiyon darasi shi ne kaɗai a cikin huɗun da ke taɓa koyarwar kanta kai tsaye. Yana da tarihi mai ƙarfafa gwiwa. Salman Khan ya fara ɗora bidiyoyin lissafi a YouTube a 2006 saboda 'yan uwansa da yake koya wa daga nesa, daga nan Khan Academy ta tsiro. A 2007 wasu malaman kimiyyar sinadarai biyu a jihar Kolorado ta Amurka, Jonathan Bergmann da Aaron Sams, suka fara naɗar darussansu saboda ɗaliban da ke rasa aji, har abin ya kai ga a kalli bayani a gida, a yi jinga a aji tare da malami. Wani bincike da Philip Guo da abokan aikinsa suka fitar a 2014, bayan nazarin kallo miliyan 6.9 a edX, wani dandalin darussan intanet, ya nuna hankalin masu kallo na raguwa sosai idan bidiyo ya wuce minti 6, kuma hannu yana rubutu ana bayani ya fi riƙe mutane a kan jerin allunan da aka riga aka shirya. Waɗancan galibi manya ne masu karatu da son ransu. Yaro ɗan shekara 14 ba zai fi su haƙuri ba.

Wannan labari ne mai daɗi ga ɗalibi marar kayan aiki: waya a ɗaure saman tebur, farar takarda, alƙalami mai kauri, ɗaki marar hayaniya. Inda ake faɗuwa shi ne lissafin lokaci. Bidiyon minti 5 mai kyau kan ci yini guda tsakanin rubutawa da ɗauka da gyara da kai wa malamin darasin ya tabbatar babu kuskure. Ku biyar ne, kun yi guda shida a zango, madalla. Malamin da ke da aji huɗu da takardun dubawa, yaushe zai yi na bakwai? Sannan bidiyo ya fi komai cin data, kuma yaron da ya shiga YouTube ko TikTok don darasin lissafi, ga wasu bidiyoyi goma a gefe suna yafito shi. Ana iya rage wannan ta hanyar tura fayil ɗin kai tsaye a zaure, ko a ɗora shi yadda sai mai adireshinsa zai gani. A sani kuma, bayan tarar dala miliyan 170 da hukumomin Amurka suka ci Google da YouTube a Satumban 2019 kan bayanan yara, tun Janairun 2020 duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne ana rufe masa wurin tsokaci. Wanda ya tsara cewa yara za su riƙa yin tambaya a ƙasan bidiyo, sai ya nemi wata hanya.

Sabuwar manhaja ba zan daɗe a kanta ba. A allo ta fi kowanne kyau, a ƙasa ta fi kowanne saurin mutuwa. Edmodo, wadda aka kafa a 2008 musamman don ta zama kafar sada zumuntar makarantu, ta tara miliyoyin malamai da ɗalibai, duk da haka ta rufe a Satumban 2022. Idan kamfani mai ma'aikata da jari bai iya riƙe irin wannan ba, ɗalibai biyar masu shirin kammala karatu fa? Wa zai biya kuɗin ajiyar bayanai, wa zai toshe ɓaraka idan an yi kutse? Ga manhajojin koyarwa da aka riga aka gina: Moodle na nan tun 2002, kyauta, kowa na iya gyara shi yadda ya so. Ga Google Classroom tun 2014. Wanda ke son wannan hanya, ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya nuna yadda za a daidaita shi da makaranta guda. Idan kuwa kwas ɗin na koyon zayyanar fuskar manhaja ne tsantsa, to babu laifi a zana samfuri a gwada shi, muddin rahoton ya faɗi gaskiya cewa samfuri ne, kada a je a yi wa shugaban makaranta alkawarin abin da ba zai zo ba.

Idan aka jera su huɗun, akwai tambayoyin da ke sauya matsayinsu. Shin makarantar na barin waya a aji? Faransa ta hana a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Holan ta bi sahu a azuzuwan sakandare daga Janairun 2024, makarantu da yawa a wasu ƙasashen kuma suna da tasu dokar. Shafi da zauren iyaye ba ruwansu da wannan, tunda a wajen aji suke aiki. Manhaja da duk wani tsarin "a fito da waya a amsa" na iya mutuwa tun a ofishin shugaban makaranta. Wace shaida za ku kawo ranar kare aiki? A shafi, yawan masu danna so ne, wanda ba ya nuna komai game da karatu. A bidiyo, kuna iya yi wa yara gajeriyar jarrabawa kafin kallo da bayansa. A zaure, kuna iya ƙirga saƙonnin da ke zuwa wa malama bayan ƙarfe 8 na dare a makon farko da na ƙarshe, da yawan yaran da suka zo da abin da aka ce a zo da shi. Gwajin ma ba ya buƙatar taro: Nielsen ɗin nan ya nuna tun 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono yawancin matsalolin amfani da abu, in dai za a gyara a sake gwadawa. Ku tabbata cikin biyar ɗin akwai wanda wayarsa tsohuwa ce, da wanda waya ɗaya suke rabawa a gida, da wanda ba shi da ita sam. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. A irin wannan rana duk iyaye sun zama marasa shafi da zaure, kuma aikin da ya tanadi takarda a jakar yaro ko saƙon tes shi ne zai ci gaba da numfashi.

Ni dai in zango ɗaya ne a hannu, kuma akwai makarantar da ta yarda a shiga, zaure zan ce a ɗauka, na iyayen aji guda tak. Matsalarsa ta gaske ce, ana iya auna sauyin cikin makonni, kuma abin da za ku bari ba ya ƙara wa kowa aiki. Rukunin da ke da mai iya bayani da malamin darasi mai son abin, su ɗauki bidiyo, amma su taƙaita ga maudu'i ɗaya da yara ke yawan faɗuwa a kai, su raba shi ta zauren da ke akwai. Shafin fili ya dace ne idan makarantar da kanta ta ce abin da ke damunta shi ne ba a san da ita ba, kuma ta ambaci sunan ma'aikacin da zai riƙe shi tun kafin ku fara.

Wancan rukunin da suka raina zaure, abin da suka miƙa wa makarantar takarda ce mai shafi ɗaya: ƙa'idoji bakwai, sunayen malamai biyu masu kula, lokacin buɗewa da rufewa, da layin ƙarshe da malamar ce ta sa aka ƙara, cewa ranar da aka ba da hutun ƙarshen shekara za a cire kowa a goge zauren, sabon aji ya buɗe nasa.